Yadda ake zagaya wuraren nunin zane-zane a Paris tsakanin Afrilu da Mayu

Yawancin waɗanda na ga sun je Paris domin kallon zane-zane bayan hunturu ya janye, kuskure iri ɗaya suke yi: sai sun sauka sannan su fara tambayar inda za a je. Wannan shi ne sai an ga kura ake neman sanda. Ban tsaya kan maganar biza da masauki ba, domin wanda ya kai ga tunanin zane ya riga ya gama da su.

Matakin farko, kuma wanda ya fi kowanne kayar da baƙo, shi ne a ɗauki kalanda a rubuta ranar da kowane wuri yake rufe. Gidan tarihi na Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, haka ma Orangerie, inda manyan zanen furannin ruwa na Claude Monet suka kewaye bangon ɗakuna biyu. Orsay, wanda tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce da aka mayar gidan tarihi a 1986, ranar Litinin yake hutawa, haka kuma Quai Branly, gidan tarihin kayan al'adun Afirka da wasu nahiyoyi. Ƙananan shagunan da ke nuna zane suna sayarwa, waɗanda suka cika unguwannin Marais da Saint-Germain-des-Prés, galibinsu daga Talata zuwa Asabar suke aiki. A zuwana na farko na ware ranar Litinin sukutum domin waɗannan shaguna, na yi sammako na shiga Marais cikin yayyafi, na bi titi bayan titi ina leƙe ta gilashi kamar mai neman ɓataccen ɗan akuya, ƙofa ko ɗaya ban samu a buɗe ba. Tun daga ranar dokata ita ce Litinin ta Louvre ce, Talata ta Orsay, shaguna kuma a bar su sai Alhamis zuwa Asabar. A kuma kiyayi 1 ga Mayu, ranar ma'aikata, domin Louvre da Orsay duk a kulle suke. Cibiyar Pompidou ta zane-zanen zamani kuwa an rufe gininta tun 2025 domin gyara na shekaru, saboda haka kada a yi asarar kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Bayan kalanda sai tikiti. A saye shi ta intanet daga shafin gidan tarihin kansa, a zaɓi sa'ar shiga, kuma ni dai ta farkon safiya nake zaɓa, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke jama'a. Mai son rage kashe kuɗi yana iya shiga Orsay kyauta ranar Lahadin farko ta wata, amma sai ya yi rajista tun da wuri, kuma ya shirya wa cunkoso. Akwai kuma daren gidajen tarihi da ake yi wata Asabar a tsakiyar Mayu, inda wurare da dama ke buɗewa kyauta har dare ya raba. Araha ce, sai dai layin da ake bi yakan cinye rabin daren.

Mataki na uku shi ne a rage buri. Louvre ba wurin da ake gamawa a rana ɗaya ba ne, kuma wanda ya ce sai ya ga komai, bayan sa'a uku ƙafafunsa za su yi nauyi, idonsa ya daina banbance wannan zane da wancan, ya koma ɗaukar hoto da waya ba tare da ya kalli abin da yake ɗauka ba. A zaɓi sashe ɗaya ko biyu tun daga gida. Wanda ya nace sai ya ga Mona Lisa, ya fara da ita, ya bi layi, ya ga ɗan ƙaramin allon a bayan gilashi, sannan ya juya baya, domin a bangon da ke fuskantarta akwai katafaren zanen walimar biki na Veronese wanda mutane ke ba wa ƙeya. Ga Bahaushe kuma bai kamata a tsallake Quai Branly ba, wanda aka buɗe a 2006, domin a tarin kayansa akwai sassaƙen yumɓu na Nok, al'adar da aka sa wa sunan wani ƙauye a kudancin jihar Kaduna.

Shagunan zane kyauta ake shigarsu, kuma ba dole a sayi komai ba. Baƙi da yawa suna jin nauyin tura ƙofar saboda shirun da ke ciki. A tura kawai, a gaida wanda ke zaune a tebur, domin Faransawa suna ɗaukar shiga ba gaisuwa a matsayin rashin ladabi kamar yadda muke ɗauka, sannan a ɗauki takardar bayanin da ke gefen ƙofa. Tambayar farashi ba abin kunya ba ce, taɓa zane ne abin kunya.

Bajekolin Art Paris, wanda ake yi a watan Afrilu a Grand Palais, kwanaki kaɗan yake ɗauka, kuma kasuwa ce ta gaske inda shaguna fiye da ɗari ke kafa rumfuna. A je a ranar aiki idan da hali, a karɓi taswira a ƙofa, a yi zagaye ɗaya da sauri ana yi wa rumfunan da suka ja hankali alama, sannan a koma musu a natse.

Sauran ƙananan abubuwa ne. A sa takalmin da ƙafa ta saba da shi, a riƙe lema da rigar sanyi mara nauyi saboda ruwan Afrilu ba ya sallama, a bar babbar jaka a masauki domin ana bincike a ƙofa kuma ba a barin akwati ya shiga. Wanda ya samu rarar kwana ɗaya ya hau jirgin ƙasa daga tashar Saint-Lazare zuwa Vernon, daga nan ya ƙarasa Giverny, ya ga lambun Monet da ake buɗewa a farkon Afrilu.