Yadda na gyara zanen da ya ƙi nuna nisa

Zanen gonakin bakin hanyar Katsina zuwa Daura ne: kuka a gaba, gorubai can baya, sai layin itatuwa inda ƙasa ta haɗu da sama. Girman kowanne daidai, amma duk sun taru wuri ɗaya kamar adon bango.

Ashe matsalar launi ce. Tsakanin ido da abin da ke nesa akwai iska mai ƙura da danshi, ita ke dushe shi: duhunsa ya ragu, gefensa ya daina kaifi. Masu zanen Turai kan sa shuɗi-shuɗi a nesa, Leonardo da Vinci ma ya rubuta hakan. A nan wannan sai da damina, bayan ruwa ya wanke sama. Da hunturu ƙurar Sahara ce, ƙwayoyinta manya ne, ba ta ba da shuɗi. Fari-fari take yi mai ratsin rawaya. Duk wanda ya hango hasumiyar Gobarau cikin hazon Janairu ya san haka.

Sai na haɗa launin hazon a gefe: fari, ɗan rawaya, ɗigon baƙi. Na shafe sama da shi, na riƙa sirka koren itatuwa da shi, mafi nisa ya fi samu. Nan take gorubai suka ja baya. Gefensu na goge da busasshen buroshi tun fenti bai bushe ba. Baƙi sosai da tsage-tsagen ɓawo kuwa, kukar gaba kaɗai na yi wa.