Yadda ake cin galabar yokai a wasan Nioh 2

Nioh 2 wasa ne na sashen Team Ninja na kamfanin Koei Tecmo. Ya fito a PlayStation 4 a watan Maris na 2020, a Fabrairun 2021 kuma aka kawo shi PlayStation 5 da kwamfuta. Labarin ya faro a 1555, a lardin Mino, zamanin da sarakunan yaƙin Japan ke ta gwabzawa. Yawancin abokan gabanka yokai ne, wato aljanu da dodannin tatsuniyoyin Japanawa. Sabon shiga yakan zuba ido a kan layin rai, ya yi ta sara har ya mutu bai san abin da ya kashe shi ba. Layin da ke ƙasansa, mai suna Ki, shi ne wasan. Ki numfashi ne: kana da naka, dodo yana da nasa, kuma wanda nasa ya riga ƙarewa shi ne a ƙasa.

Mataki na farko: gyara talabijin da kaya

Kafin ka zare takobi, shiga saitin talabijin ka kunna Game Mode. A PS4 kuma zaɓi Action Mode a cikin wasan, domin shi ne ke neman hoto 60 a daƙiƙa guda, Movie Mode kuwa 30 yake bayarwa. Duk dabarun da ke tafe a kan ƙiftawar ido suke, jinkiri kaɗan tsakanin hannu da allo ya isa ya ɓata su.

Sai nauyin sulke. Kada ya haura kashi 70 cikin ɗari na abin da za ka iya ɗauka. Tsakanin 30 da 70 kana matakin B, kuma nan ya fi dacewa da mai koyo. Da zarar ka wuce 70, kowace gocewa za ta ci numfashi mai yawa, dawowarsa kuma ta yi nawa. Idan kana son sulke mai nauyi, zuba maki a Stamina. Heart yana ƙara yawan Ki, Courage yana hanzarta dawowarsa. Makamai biyu za a ba ka zaɓi a farko. Mashi ya fi sauƙi saboda tsawonsa, kuma ƙarfinsa yana tafiya da Constitution, wanda dama shi ke ƙara rai.

Mataki na biyu: koyi mayar da numfashi

Wannan shi ne Ki Pulse, kuma ba a tsallake shi. Ka kai sara biyu ko uku da maɓallin murabba'i, ka dakata. Za ka ga ƙyalli yana taruwa a jikinka. Daidai lokacin da ya haɗe, danna R1. Yawancin numfashin da saran ya ci zai dawo nan take. Idan ka yi garaje kaɗan za ka samu, idan ka makara kuma babu komai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sara har layin ya ƙare ƙaf. Wanda aka buga alhali ba shi da numfashi zai tsaya cak yana haki, dodo kuma ba ya jira. Ka riƙa barin abin da zai ishe ka gocewa ɗaya da X ko tarewa ɗaya da L1. Ka kuma sani muddin kana riƙe da L1 numfashi a hankali yake dawowa, don haka a sake shi idan babu bugun da ke tafe.

Yokai sukan bar wani baƙin kududdufi a ƙasa bayan sun kai hari. In ka tsaya a ciki numfashinka kusan ba ya motsi. Ki Pulse da aka yi daidai a kusa da shi yana share shi. Makin farko da ka samu a ɓangaren Samurai na jerin dabarun da ake koyo, kashe su a kan Running Water, mai sa gocewa ta zama Ki Pulse, da Flux, mai ƙara numfashi idan ka sauya tsayuwa a lokacin.

Tsayuwar uku ce. R1 da alwatika ta sama, mai ƙarfi da cin numfashi. R1 da murabba'i ta tsakiya, wadda ta fi wajen tarewa. R1 da X ta ƙasa, mai sauri da sauƙin gocewa. Dodon da ba ka sani ba, fara da ta ƙasa har ka karanci motsinsa.

Mataki na uku: jan haske

Idan jikin dodo ya yi jan haske, babban hari ne ke zuwa, kuma dama ce. R2 da da'ira shi ne Burst Counter, yana karya harin ya kuma zaftare numfashin dodon. Yana cin Anima, layi na uku mai launin shunayya, wanda ke cika yayin da kake sara. Yadda yake aiki ya danganta da ruhun da ka zaɓa ya raka ka.

Ruhun da ake kira Makami, wato kerkeci, nau'in Brute ne. Duka yake kaiwa, saboda haka sai kana kusa, kuma ka danna da zarar jan hasken ya bayyana, don yana ɗan jinkirin tashi. Ame-no-Mitori, tsuntsu, nau'in Feral ne: zabura yake yi ya bar inuwa, kuma so ake harin ya same ka a cikin zaburar. Kagewani, kifin shak, nau'in Phantom ne, tarewa yake a daidai saukar bugu. Masu Feral da Phantom sukan faɗi ne saboda sun danna da ganin haske, alhali jiran bugun ake. Mai Brute kuma yakan faɗi saboda ya yi nisa. Wanda hannunsa bai saba ba, Feral ya fi masa rangwame, domin ko bai dace ba zaburar takan fitar da shi daga hatsari.

Mataki na huɗu: ƙarar da numfashin dodo

Sara na yau da kullum yana rage Ki ɗin yokai, amma Burst Counter da dabarun yokai su ne ke cinye iyakar layin kanta da sauri. Da ya ƙare, kowane bugu zai girgiza shi. Ci gaba da duka har ya durƙusa, sannan ka danna alwatika a kusa da shi ka soke shi. Yokai da yawa suna da ƙaho ko wani ƙullutu mai ƙyallin rawaya. Fasa shi da saran tsayuwar sama ko da kibiya, nan take zai durƙusa.

Dabarun yokai daga Soul Core suke fitowa, wani dunƙule da dodo kan yar idan ya mutu. Sai ka kai shi wurin ibada an tsarkake shi kafin ya yi amfani, sannan ka ɗaura biyu a kan ruhunka, ɗaya a R2 da alwatika, ɗaya a R2 da murabba'i. Na Ippon-Datara, maƙerin nan mai ƙafa ɗaya da ƙatuwar guduma, yana da kyau ƙwarai wajen katse harin dodo. Kada ka yi rowar Anima, amma ka rage na Burst Counter ɗaya.

Akwai wuraren da duniya ke rikiɗewa ta yi toka-toka, wato Dark Realm. A ciki numfashinka yana ja da baya, Anima kuwa tana cika da sauri, saboda haka a nan dabarun yokai suka fi takobi. Akwati da wurin ibada ba sa buɗuwa sai ka kashe dodon da ke riƙe da duhun.

Mataki na biyar: manyan dodanni uku na farko

Gozuki mai kan sa, da za ka tarar a farkon ƙauye, ba dole ne ka yaƙe shi ba, zagaye shi ka wuce. Mezuki mai kan doki shi ne na dole. A addinin Buddha na Japan su biyun masu gadin gidan azaba ne. Mezuki darasin jan haske ne kawai: ka tsaya kusa, ka goce ta gefe, ka jira ja.

Enenra aljanin hayaƙi ne, kuma ruwa ne maganinsa. A filin yaƙin akwai ginshiƙai masu ɗauke da ruwa. Ja shi kusa da ɗaya, idan ginshiƙin ya karye ruwan ya zubo masa, numfashinsa zai zube. Kada ka ƙarar da su tun da wuri.

Yatsu-no-Kami macijin nan ne mai ƙaho, shi ne kuma ke sa mutane da yawa ajiye wasan. Tun kafin ka isa gare shi, farfasa gumakan maciji uku da ke cikin kogon, dafin da ya malale filin zai janye. A yaƙin kuma, ƙananan macizai biyu da ke matsayin hannayensa su za ka fara kashewa. Idan ya shiga duhu suna raye, rabuwa za su yi da shi, ka koma yaƙi da uku. Tafi da maganin dafi a aljihu.

Abin da ke rage wahala

Kodama wasu ƙananan halittu ne kore, ruhohin bishiya a tatsuniya, da ke ɓoye a lungu-lungu. Kowane biyar da ka mayar gida suna ƙara maka maganin rai ɗaya a wannan yankin. Bangon da ka ga yana da idanu Nurikabe ne: yi masa gaisuwar da ta dace ya ba ka hanya, in ka kuskure sau biyu sai faɗa. Shuɗin kabari kuma yana kiran mataimaki idan ka biya da kofunan Ochoko, waɗanda ake samu daga kashe fatalwar jan kabari.

Idan ka mutu, Amrita ɗinka, wato abin da ake ƙara matsayi da shi, tana nan a kabarinka tare da ruhun da ke raka ka da duk Soul Core da ba ka tsarkake ba. In ka sake mutuwa kafin ka taɓa kabarin, Amrita da Soul Core sun tafi, ruhun ne kawai zai dawo maka. Don haka a ƙofar babban dodo, koma wurin ibada ka kashe Amrita tukuna. Idan kuma kabarin ya faɗa inda ba ka iya kaiwa, Summoner's Candle yana dawo maka da komai daga inda kake tsaye.