Yadda ake kai tauraron ɗan'adam mai ɗaukar hoton ƙasa sararin samaniya

Tun kafin a zaɓi roka, a tsayar da hanyar da tauraron zai riƙa zagaya duniya, domin komai a kanta ya rataya. Masu ɗaukar hoton ƙasa galibi suna bi ta kusa da ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, a nisan kilomita 600 zuwa 800. Landsat 9 na Amurka, da aka harba a Satumbar 2021, yana kilomita 705, yana gama zagaye ɗaya cikin kimanin minti 99. An karkata hanyarsa digiri 98 don kullum ya ƙetare layin tsakiyar duniya da misalin ƙarfe 10 na safe, agogon wurin. Ta haka inuwar tsauni a hoton bana za ta yi daidai da ta bara in a lokaci ɗaya na shekara aka ɗauke su, a iya gwada su.

Shi ya sa lokacin harbi ƙurarre ne. In hadari ko iska mai ƙarfi ta cinye 'yan mintunan da aka ware don harbin, sai gobe. A harba ta saman teku, kamar yadda ake yi daga sansanin Vandenberg da ke California a Amurka zuwa kudu, don sassan roka da aka yar su faɗa ruwa.

Minti ɗaya da ɗoriya bayan tashi, matsin iska a jikin roka yake kaiwa ƙololuwa, sai a sassauta inji. Sashen farko na roka ya ƙare mai ya rabu, na biyu ya kama, har gudu ya kai kusan kilomita 7.5 a daƙiƙa.

Kada a raina murfin da ke hancin roka. Shi ke kare tauraron daga iska da zafi, amma da an wuce kilomita 100 ya zama kaya, dole ya tsage biyu ya faɗi. A 2009 murfin wani tauraron Amurka mai suna OCO ya ƙi buɗewa, nauyin murfin ya hana roka kai gudun da ake buƙata, komai ya koma teku. A 2011 wani tauraron mai suna Glory ma haka ya ƙare.

Da an saki tauraron, batir kaɗai ke riƙe da shi. A tsayar da juyinsa, a buɗe faranti mai zuƙar hasken rana, a fuskantar da shi rana, sannan a nemi siginarsa ta tashoshin ƙasa irin na Svalbard, tsibiran Norway da ke can kusa da ƙuryar arewa. Kyamara kuwa a bar ta a rufe tukuna: danshin da ke fita daga jikin tauraron kan daskare a kan madubi mai sanyi, ya dusashe hoto.