Yadda Za Ka Tsara Ibadarka ta Safe

1. Ware minti 15 a lokaci guda kullum. Ajiye waya nesa, ita ce ke ɗauke hankali.

2. Fara da gajeriyar addu'a, ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya ba ka ganewa.

3. Karanta sura ɗaya. Ga mai farawa, Bisharar Markus ta fi sauƙi, surorinta 16 ne kacal. Kada ka yi gaggawa. Ayar da ta taɓa zuciyarka, maimaita ta, ka rubuta, sannan ka tambayi kanka: me Yesu yake so in gyara yau?

4. Rufe da Addu'ar Ubangiji (Matiyu 6:9-13).

5. Ran Lahadi, faɗa wa wani ɗan'uwa a ikilisiya abin da ka koya.