Darasi na 11: Rubuta abin dariyar da ya faru a tafiya

To ɗalibai, a darussan baya mun koyi rubuta kwanan wata da sunan gari da gajeriyar jimla, yau kuma za mu haɗa su duka a aiki guda mai daɗi, wato ajiye abin dariyar da ya faru in an yi tafiya da iyali. Ko tafiyar sallah ce zuwa ƙauye, ko hutun makaranta aka kwashi yara aka kai su gidan kaka, ko kallon Hawan Daushe aka je Kano, ai ba a rasa wanda zai yi katoɓara ko yaro ya saki wata magana kowa ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma a dawo gida a yi wata biyu ku tambayi mutan gidan wai me Auta ya ce a mota, sai wannan ya ce kaza wancan ya ce a'a ba haka ba ne, maganar ta riga ta ɓace. Hoton waya fuska da kwalliya yake nunawa, ba ya riƙe abin da aka faɗa, ga shi waya ana sacewa, tana faɗawa ruwa, ko ta cika yaro ya goge komai.

Kayan aikin ba su da yawa. Littafin rubutu irin na 'yan firamare mai fallaye 40 ya isa, sai biro, sai leda da za a sa shi saboda ruwa da man abinci a jaka. A bangon ku rubuta sunan gidanku da shekara.

Kowane labari a fara shi da rana da kwanan wata da wuri. Daga nan sai wa ya yi, me ya yi, sannan abin da ya fi komai muhimmanci, me ya ce. Bari mu ɗauki misalin iyalin da suka je Yankari. Wannan gandun namun daji yana ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, an keɓe shi a 1956 aka buɗe wa 'yan kallo a 1962, akwai giwaye da ɓauna da gwanki, akwai kuma ruwan Wikki mai ɗumi da ke tsayawa wajen digiri 31 dare da rana, sanyi ko zafi. Duk wanda ya kwana a sansanin ya san biran wurin ba sa tsoron mutum, ka ajiye abinci ka juya sun ɗauke. Wani ɗalibi zai rubuta haka:

Mun je Yankari. Biri ya ɗauki burodi. Mun yi dariya.

Babu kuskure ko ɗaya a ciki, jimla uku ne masu kyau, amma wanda ya karanta bayan shekara biyar ko murmushi ba zai yi ba. Yanzu ku dubi wannan:

Asabar, 28 ga Disamba 2024. Sansanin Wikki, Yankari. Da safe Goggo ta ajiye ledar burodi a gefenta tana zuba shayi. Wani ƙaton biri ya zo ya ɗauke, ya zauna nesa kaɗan yana ci yana kallonta. Goggo ta ce, "Kai ɗan nan, ko sallama babu?" Auta ya ce, "Goggo ki ba shi shayin ma kar ya shaƙe."

Kun ga bambancin ko? Dariyar tana cikin bakin Goggo da na Auta, shi ya sa muke sa maganarsu a tsakanin alamar zance " " yadda ta fito, da alamar tambaya ? in tambaya ce. Kar ku gyara wa mutum maganarsa don ta yi kyau a takarda. In ƙaramin yaro ya ce "yuwa" a rubuta yuwa, kar a mayar da ita ruwa, in kakarku Basakkwaciya ce ta ce "mi yaf faru" to a bar mata abinta haka, wata rana jikokin da ba su tarar da ita ba ta nan za su ji muryarta. Ni a wajena wannan shi ne dalilin littafin gaba ɗaya.

Yaushe za a rubuta? A ranar, bayan sallar isha'i kafin barci ya kwashe ku. In kuna cikin mota hannu na rawa ku rubuta kalma uku kawai don tuni, misali biri, burodi, sallama, da dare sai a cike sauran. Wanda hannunsa bai yi sauri ba tukuna zai iya ɗaukar muryarsa a waya ya faɗi labarin, amma fa lallai ya kwafe a littafi kafin kwana biyu. In kalma ta gagare ku kar ku tsaya kuna ta juya biro har labarin ya tsere, ku rubuta yadda kuka ji ta, daga baya a gyara a aji. Yaronku na makaranta zai iya nuna muku harafi, amma kar ku miƙa masa biron, ku ne masu koyo. Mai ajami ma in ta nan hannunsa ya fi gudu ya fara da shi, sai ya maimaita da boko a ƙasa.

Akwai maganar kunya, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Uwar da ba ta faɗin sunan ɗan fari ko matar da ba ta kiran sunan miji ba dole sai sun rubuta ba, a sa Babba ko Yaya ko Baban yara, kowa a gidan ya san wa ake nufi. Sannan ba kowane abin da aka yi wa dariya ne ya kamata ya shiga littafi ba. Yaro ya yi fitsarin kwance a gidan baƙi, suruki ya zame ya faɗi, amarya ta ƙona tuwo gaban dangin miji, waɗannan a bar su a nan inda suka faru, domin magana tana wucewa amma takarda tana nan kuma kowa zai iya buɗewa. Ku tambayi kanku, in aka karanta a gabansa shi ma zai yi dariya? In ba ku tabbata ba ku tambaye shi. Tsakanin kaka da jika kuwa ko taubasai, nan kam a saki hannu, dama wasa haƙƙinsu ne.

Tikitin shiga wuri ko na mota kar a yar, a manna shi a gefen labarin. Ga wani misali na jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja da ya fara ɗaukar fasinja a 2016, ku karanta shi a bayyane biyu-biyu:

Yau Kaka ta fara hawa jirgin ƙasa. Mun kusa Abuja ta ce, "Wannan direba ɗan albarka ne, tun daga Rigasa bai faɗa rami ko ɗaya ba."

Aikin gida: ku tuna tafiyar ƙarshe da kuka yi da iyali, ku rubuta abu ɗaya na dariya cikin jimla biyar ko shida, da rana da wuri da maganar mutum ɗaya a cikin alamar zance. In kun manta yadda aka faɗa ku tambayi wanda kuka tafi tare. Wanda bai yi tafiya ba kwanan nan ya rubuta na ranar sallah a gida. Ku karanta wa mutan gida tukuna ku ji ko za su ce haka aka yi, sannan ku zo da littafin aji mako mai zuwa.