Yadda ake kallon fim ɗin Bobby ba tare da mutum ya rikice ba

Yawancin masu kunna wannan fim ɗin kuskure ɗaya suke yi, sai su zauna suna jiran a nuno musu Robert Kennedy, wato Bobby ɗin da aka sa wa fim ɗin sunansa, yana kai-kawo kamar jarumin fim, ko a nuno wanda ya harbe shi yana ƙulla abin a ɓoye, in suka yi minti ashirin ba su ga ko ɗaya ba sai su kashe su ce abin ba kai ba gindi. To gaskiya ba haka ake kallonsa ba. Emilio Estevez da ya rubuta shi kuma ya ba da umarni a 2006, mutanen da ke cikin otal ɗin ya sa a gaba, wato ma'aikata da baƙi da 'yan kamfe, mutum 22 da ya ƙirƙira, kowa da damuwarsa a wunin 4 ga Yuni 1968 a otal ɗin Ambassador da ke Los Angeles.

Kafin ka danna komai ka ɗan san me ke faruwa a Amurka a wannan shekarar, don fim ɗin ba zai tsaya ya yi maka bayani ba. An kashe yayan Robert, shugaba John Kennedy, a Dallas tun Nuwamba 1963. Yaƙin Biyetnam yana ta cin samari. Ranar 4 ga Afrilu 1968 aka harbe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, a Memphis, wata biyu ke nan cif kafin ranar da fim ɗin ke nunawa, shi ya sa za ka ga baƙaƙen fata a ciki suna magana da zafi da karayar zuciya. Shi kuma Robert sanata ne mai wakiltar New York, shekararsa 42, yana neman tikitin takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Democrat, ranar nan ake zaɓen fid da gwani na Kalifoniya tsakaninsa da Eugene McCarthy. In ka riƙe waɗannan kawai sun ishe ka.

Sai batun sunaye, kar ma ka wahalar da kanka wai sai ka haddace su, ba za ka iya ba kuma ba shi da amfani. Ka riƙa bin mutane da wurin da suke a otal ɗin. Akwai 'yan kicin, akwai na shagon gyaran gashi inda Sharon Stone take, ita ce matar manajan otal, akwai tsohon mai tsaron ƙofa da ya yi ritaya amma ya kasa daina zuwa, Anthony Hopkins ke nan, yana zaune yana buga dara da abokinsa Harry Belafonte, ga mawaƙiya mai fama da giya wadda Demi Moore ta fito a matsayinta, ga kuma yarinyar da za ta auri wani saurayi don kawai kada a tura shi Biyetnam. Da ka ga an yanka zuwa wani wuri sai ka ce wa ranka yawwa mun dawo kicin, shi ke nan zaren ba zai ɓace maka ba.

Kicin ɗin nan kuwa don Allah ka ba shi hankalinka fiye da ko'ina, ni a ganina nan ne fim ɗin yake da rai sosai. Akwai wani yaro ɗan asalin Meziko mai kwashe kwanuka, ya samu tikitin kallon wasan ƙungiyar ƙwallon baseball ta Dodgers yana ta murna sai aka ce masa yau aiki biyu zai yi a jere ba inda za shi, ba wanda ya tambaye shi ko ya yarda, ƙarshe ya miƙa wa wani kuku tikitin, wato Laurence Fishburne. Ka saurari hirarsu kan fushi da yadda ake haɗiye wulaƙanci a wurin aiki, ka kuma lura da ƙofofi da lungunan wurin da kyau, saboda ta nan za a biyo da Kennedy cikin dare.

Wani abu kuma, duk inda ka ga hoton ya yi dishi-dishi to wannan ainihin bidiyon 1968 ne, Kennedy na gaske kake gani da muryarsa. Kar ka tura gaba a wuraren nan. In Turancinsu na yi maka sauri ka kunna rubutun ƙasa, musamman a ƙarshe inda aka ɗora jawabin da ya yi a Cleveland ranar 5 ga Afrilu 1968 kan tashin hankali, kwana ɗaya bayan kisan King, ana jin muryarsa a kan hotunan mutane suna kuka suna guje-guje. Wannan wurin yana son shiru, ka ajiye waya.

Bayan ka gama sai ka tace gaskiya daga ƙirƙira, wannan ya zama dole in har za ka ba wani labari. Abin da ya tabbata shi ne Kennedy ya ci zaɓen Kalifoniya, ya yi jawabin nasara, jim kaɗan bayan 12 na dare wato an shiga 5 ga Yuni sai Sirhan Sirhan, mai shekara 24, ya buɗe masa wuta a hanyar kicin, aka kai shi asibitin Good Samaritan ya rasu ranar 6 ga Yuni. Mutum biyar ne suka ji rauni tare da shi kuma duk sun rayu, amma waɗanda fim ɗin ya nuna harsashi ya samu ba su ba ne, ƙirƙirarrun nan ne aka sa a madadinsu, kuma wannan na cikin abin da aka soki fim ɗin a kai. Yaron kicin da ya durƙusa kusa da shi a ƙasa kam da gaske ne, Juan Romero sunansa, shekararsa 17 a lokacin. Dalilin Sirhan da shari'arsa duk fim ɗin bai shiga ba, an yanke masa hukuncin kisa a 1969 aka mayar ɗaurin rai da rai a 1972, mai son wannan ɓangaren sai ya nemi littattafan tarihi ko fim ɗin dokumentari.