Kakar Turai a lakwal ɗin mishan: abin da iyayen ƙananan yara za su tarar in sun bar Yamai

Iyalan da suke shirin tashi daga Yamai ko Tawa zuwa Faransa, hankalinsu yakan tafi kan biza da tikiti da gidan haya, maganar lakwal kuwa sai an sauka. To a can tun farkon Satumba ake komawa aji, wata guda kafin lokacin da muka saba, kuma tun 2019 doka ta wajabta karatu daga shekara 3. Wanda ya isa a Oktoba zai tarar aji ya yi nisa cikin ayyukan kaka, yaro ya dawo gida da ganye a aljihu da takarda mai cewa a kawo kwalin ƙwai gobe. Iyaye da yawa sukan ɗauka wasa ne ake yi da kuɗinsu. Alhali a nan ne ake kafa lissafi da harshen shekarar gaba ɗaya, kuma yaron da aka bari baya a waɗannan makonni yakan kai Janairu yana bin sawu.

Zaɓen lakwal ɗin Katolika ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya zauna Yamai ya san Mariama da lakwal ɗin Mishan na maza da na mata, inda mafi yawan ɗalibai ƴaƴan Musulmi ne. A Faransa yara wajen miliyan biyu ke karatu a makarantun Katolika, kuma kusan dukansu suna da yarjejeniya da gwamnati a ƙarƙashin dokar Debré ta 1959. Gwamnati ke biyan malamai, tsarin karatu iri ɗaya ne da na lakwal ɗin gwamnati, kuma dole su karɓi kowane yaro ba tare da duban addininsa ko asalinsa ba. Ku tambaya tun ranar farko ko lakwal ɗin "sous contrat" ne, wato mai wannan yarjejeniya. In ba haka yake ba, kuɗin ya fi yawa, sharuɗɗan ma daban.

Kafin ku bar gida, ku karɓi takardar shaidar karatu da sakamakon shekarar da ta wuce daga direkta, ku haɗa da takardar haihuwa da katin rigakafi. Yaran da aka haifa daga 2018 ana neman aƙalla rigakafi 11 a katinsu, abin da ya rage likita zai cika a can. Babu ajin CI, ajin farko na firamare a Nijar, a Faransa. Shekarar haihuwa ake dubawa: yaron da zai cika 6 a cikin shekarar shi ke shiga CP, ajin farko na firamare a can, don haka wanda ya gama CI a Tawa yana ɗan shekara 7 za a iya kai shi CE1, aji na biyu, kai tsaye. In kun ga haruffa ba su zauna masa ba, ku faɗa wa madam tun da wuri, kada kunya ta hana ku.

Aikin farko na kaka kusan kullum ganye ne. Ana fita da yara zuwa lambu ko ɗan dajin da ke kusa su tsinto na itatuwan chêne da érable da platane, a dawo a ware su: ja, rawaya, ruwan ƙasa, mai yatsu, mai zaƙo-zaƙo a baki, mai santsi. A jardan, azuzuwan ƙananan yara kafin firamare, wannan warewa ita ce lissafin. A CP da CE1 sai a ƙara rubuta sunan itacen da ranar da aka tsinta, a manna a kaye. Za a tambayi yaro me ya sa ganye ke sauya launi, kuma amsar da ake so gajera ce: rana na raguwa, itace ya daina yin sinadarin da ke ba ganye launin kore, sai rawayan da ke ɓoye ya bayyana, daga baya ganyen ya faɗi don itacen ya huta cikin sanyi. Ɗan Adar yana da abin faɗa a nan da sauran ba su da shi, domin gawo da damina yake zubar da ganye, ya yi kore shar da rani. Ku koya masa jimla biyu a kai da Faransanci. Malamai na son irin wannan, yaron kuma ya samu ranar da aji ke saurarensa.

In aka ce a busar da ganye a gida, ga inda ake yin kuskure. Ganyen da aka tsinta jiƙe aka ƙulle a leda, kwana biyu ya yi funfuna. Wanda aka ɗora kan na'urar ɗumama ɗaki don a yi sauri, sai ya nannaɗe ya farfashe da an taɓa shi. Ku zaɓi ganyen da bai riga ya bushe ba, ku goge shi da tsumma, ku shimfiɗa tsakanin jaridu ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, ku danne da littattafai masu nauyi uku ko huɗu. Bayan kwana biyu ko uku a sauya jaridar domin ta sha danshi. Mako ɗaya zuwa biyu ya isa. Wajen mannawa, ɗan siririn salatif a kan tsinken ya fi gam mai ruwa, wanda ke sa takarda ta yamutse.

Kwalin ƙwai kuwa na goma-goma ne. Yara na tara ƴaƴan itace masu sheƙi da ake kira marron, ko ƴaƴan chêne, su cika rami goma, su rufe, su ce goma ɗaya. Kwali biyu a rufe da guda uku a gefe, ashirin da uku ke nan. In kwalinku mai rami 12 ne, ku yanke biyu da almakashi, in ba haka ba kun rikita abin da ake son koyarwa. A gida ku bar yaro ya ƙirga da Hausa tukuna. Ƙirgarmu a fili take, saba'in da biyar, tamanin da tara, alhali Faransanci daga 70 zuwa 99 sai an yi tarawa da ninkawa a ka, kuma a nan yaran CP da yawa ke tuntuɓe. Abu ɗaya za ku kiyaye: yaron da aka saba aike kanti a Yamai ya san dala goma hamsin ce, sai ya kawo wannan lissafi cikin aji. Ku raba masa kuɗin gida da ƙirgar abu. Ƴaƴan chêne sukan zo da tsutsa a ciki, a kwana a tarar da ita tana yawo a sak, don haka a sa su firiza kwana biyu kafin a kai. A kuma nesanta su da ƙannen da ba su kai shekara 4 ba, masu cusa komai a baki da hanci.

Wannan marron ɗin na tsakar lakwal da bakin titi ba a cin sa. Yana da guba, yana sa amai da ciwon ciki da zawo. Yana kama da châtaigne da ake gasawa a kan titi da sanyi, shi ya sa manya ma ke ruɗewa. Ku dubi ɓawon. Na ci, ɓawonsa cike yake da siraran ƙayoyi masu tsawo, a ciki ƴaƴa biyu ko uku, gefe ɗaya a shafe, da ɗan tsini mai gashi a kai. Mai gubar ɓawonsa kore ne mai kauri, ƙayoyinsa gajeru jefi-jefi, ɗa ɗaya ne galibi, babba, kewayayye. Yaranmu sun saba tsintar kurna da magarya su jefa baki ba tambaya, saboda haka a ja musu kunne sosai. Haka laimar kwaɗi, wadda ke fitowa ko'ina bayan ruwan Oktoba: wasu irinta na lalata hanta, kuma alamun ciwon kan ɗauki sa'o'i kafin su bayyana. In yaro ya ci wani abu da ba ku sani ba, ku kira 15 ko 112 nan take, ku ɗauki hoton abin, kada ku tsaya ba shi madara ko ku sa shi amai.

Irin wannan fita sau da yawa sai da izininku a rubuce. Akwai kayen da ake kira cahier de liaison, shi ne hanyar magana tsakanin gida da aji. A buɗe shi kowane dare, a sa hannu ko da ba abin cewa. Yaron da ba a sa wa hannu ba, ko wanda ba a kawo takardar inshorarsa ta lakwal ba, ana iya ajiye shi a wani aji sauran su tafi. A nan kuma za ku ga sanarwar ƙwarƙwata, wadda ke yawo kowace kaka ba ruwanta da tsafta ko ƙazanta. Maganinta na farmasi.

Ruwa ba ya hana fita wasa a can. Oktoban Yamai zafi na kaiwa digiri 38, na Paris da ƙyar yake wuce 17 da rana, Nuwamba kuwa safiya na sauka ƙasa da 10. Rigar ruwa mai hula, takalmin roba dogo, da riguna biyu ko uku marasa nauyi da yaro zai iya cirewa da kansa sun fi babbar riga ɗaya, domin cikin aji akwai ɗumi, ya yi gumi ya fita iska ta buge shi. Gwanjon Wadata zai wadatar da ku suwaita, amma takalmi a saya a can, inda za a gwada da safa mai kauri. A jardan da yawa an hana dogon gyalen wuya don gudun shaƙewa. Kowace riga a rubuta mata suna a ciki.

A Oktoba akwai makon ɗanɗano, aji ya koma madafa. Ana dafa tuffa: kilo ɗaya, wato guda biyar ko shida, a feraye, a yanka, a zuba rabin kofin ruwa, minti 20 a wuta kaɗan, a dama. Ana yin romon kabewa, ana auna gari, ana koyon kalmomin zaƙi da tsami da ɗaci. Wani lokaci a ce a kawo ƙullun gishiri daga gida don yin bushiya ko a danna ganye a kai: kofi biyu na fulawa, ɗaya na gishiri mai laushi, ɗaya na ruwan ɗumi da za a zuba kaɗan-kaɗan. A murza kaurinsa rabin santimita, a bar shi ya sha iska dare ɗaya, sannan a gasa a digiri 100 wajen awa biyu. Wuta mai yawa ko fulawa mai sinadarin tashi ke sa ya kumbura ya tsage. In ana neman iyaye masu taimako, ku je. Uwar da ta iya fere kabewa ba ta buƙatar dogon Faransanci. A ranar rajista ne ake faɗin cewa yaro ba ya cin naman alade, a ɗakin cin abincin lakwal da cikin aji duka, kuma a tuna alewa mai taushi da yawa da jelatin na alade ake yin ta.

Za a iya roƙonku ku kawo abin ƙasarku. Kada ku ɗauko zangarniyar hatsi ko ɗanyar albasar Galmi a jaka, domin shigar da tsiro da ɗanyen kayan gona Tarayyar Turai sai da takardar lafiyar tsirrai. Dabino na cikin ƴan kaɗan da aka yafe. Abin da ya fi sauƙi shi ne hoto: kafin ku tashi ku ɗauki damman hatsi, da rumbu, da masu sussuka, a wanke guda biyar ko shida manya.

Sai maganar addini, wadda ta fi damun iyaye. A lakwal mai yarjejeniya, darasin katikisim, wato koyon addinin Katolika, da zuwa sujada na ganin dama ne, kuma akwai gurbi a takardar rajista inda za ku ce e ko a'a. Amma kada ku zaci ba za ku ga komai ba. Akwai gicciye a bango, akwai bikin buɗe shekara a majami'a, wani aji na fara safiya da ɗan shiru ko waƙar godiya. Cikin kaka ana haɗa ganye da girbi da labarin halitta na littafin Farawa, da misalin mai shuka na Matiyu sura 13, da Faransuwa na Asiz, mai son tsuntsaye da dabbobi, wanda ranarsa 4 ga Oktoba ce. Wasu makarantu suna da awa ta sanin addinai ga kowa da kowa, dabam da katikisim. Ku zauna da direkta ku yi tambaya uku a fili: me ake yi a wannan awa, ina yaron da ba ya shiga yake zama, wa ke kula da shi. Direktoci sun saba da wannan tambaya. Abin da ba shi da kyau shi ne a bar ɗan shekara 6 ya ƙi tashi tsaye shi kaɗai ba tare da manya sun yi magana ba. Iyalai Kirista da suka fito daga cocin bishara su ma su tambaya, don al'adun Katolika ne ake bi. Waɗanda hanyarsu ta nufi Amurka za su tarar da wani tsari: gwamnati ba ta biyan malaman makarantun Kirista, kuma darasin Littafi Mai Tsarki da sujada galibi wajibi ne ga kowane ɗalibi.

A ƙarshen Oktoba ana hutun mako biyu na Tusan, bikin tsarkaka na 1 ga Nuwamba, sannan 11 ga Nuwamba ma ba lakwal, ranar tunawa da ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko a 1918. Cikin hutun, Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Daga ranar lokacin Paris ya yi daidai da na Yamai, kiran kakanni ya yi sauƙi, amma magariba na faɗuwa wajen biyar da rabi, yaran da suka tashi huɗu da rabi suna isowa gida duhu na bin su. Karatun minti 10 zuwa 15 na CP da haddar waƙar da ake ba su, layi biyu kowane dare, gara a yi su da an ci ɗan abin taɓawa, kafin barci ya kama. Ku kuma yi wa likita maganar bitamin D, domin baƙar fata ba ta samun isasshe daga ranar hunturun can. A wannan mako kantuna na cika da wasu furanni masu kyau da araha a tukwane, chrysanthème. Na kai wa kaburbura ne, kada a ba yaro ya kai wa madam.